Ƙasa Ba Ta Karɓi Manthos Ba

Ranar Asabar ɗin da Stamatia ta fizge bokiti daga hannun Froso, duk matan da ke share-share a layin kaburburan gabas sai da suka ɗago kai. Abin ba a saba ba ne. Froso yayar marigayi mijinta ce, kuma tun da aka kawo Stamatia gidan tana amarya ba a taɓa jin ta ce wa matar nan ko da "matsa" ba.

"Yaya, na ce ki bar zuba masa ruwan nan."

"Ke amaryarmu, rana ce ta taɓa miki kai?" Har yau haka Froso take kiranta, duk da furfurar da ta cika mata goshi. "Tonon nan ya kusa, ko kin manta? So kike a buɗe a tarar da yaro kamar jiya aka saka shi? Ke kika cusa shi cikin kwat ɗin leda, ni nake ta jigilar ruwa ina gyara ɓarnarki, yau kuma ni ce mai laifi?"

Stamatia ta kai bokitin gindin itace ta juye, ta dawo ta durƙusa tana gyara lagwanin fitilar da ke kan kabarin ɗanta.

Gaskiya ba za a ga laifin Froso ba. A maƙabartarmu mamaci ɗan haya ne. Shekara uku ake ba shi, daga nan a tone, a wanke ƙasusuwa da ruwan inabi, a jera su a akwatin ƙarfe a kai ɗakin ƙasusuwa, ramin kuma a ba wani. Gari ya cika, ƙasa ba ta ƙaruwa. Shi ya sa kowace Asabar za ka ga mata da bokiti suna ba kabari ruwa kamar lambun albasa, don ƙasa ta yi aikinta da wuri. Addu'ar kowace uwa ita ce ranar tono a fito da ƙasusuwa tas, rawaya kamar kakin zuma, tsofaffi su gyaɗa kai su ce mai albarka ne. In kuwa aka buɗe aka ga gawa ba ta narke ba, sai a mayar da ƙasa a ƙara mata shekara guda, bakin mutane kuma ya buɗe. Ko dai mamacin ya tafi da wani mugun zunubi, ko kuwa uwarsa ce ta yi masa baki.

Manthos, ɗan Stamatia, mai walda ne a wurin gyaran jiragen ruwa da ke ƙasan unguwa. Yaro dogo, mai dariya da ƙarfi, wanda in ya shigo gida sai ya fara buɗe tukunya kafin ya gaishe da mutum. Wata safiya aka kira uwarsa aka ce ya faɗo daga saman jirgi. Kamfanin ya ce ya zo aiki a buge ne ƙafarsa ta goce. Likitan da ya duba gawar ya rubuta faɗuwa, ya sa hannu, ya tafi cin abincin rana. Sai daga baya, bayan an yi addu'ar arba'in an raba dafaffiyar alkama, abokan aikinsa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, suna zama a bakin kujera suna murza hula. Ba faɗuwa ce ta kashe shi ba, in ji su. Igiyar injin ɗaga kaya ce ta tsinke, ƙugiyar ta buge shi a bayan kunne, igiyar da aka daɗe ana kuka da ita. Amma a gaban alƙali ba mai faɗa, kowa yana da bakunan da yake ciyarwa.

Da yake ya mutu bai yi aure ba, an binne shi da shigar ango kamar yadda ake yi, har da kambi a ka. Stamatia da kanta ta je ta sayo kwat ɗin nan mai sheƙi da ya taɓa tsayawa yana kallo a tagar wani shago. Ranar jana'iza Froso ta murza bakin hannun kwat ɗin da yatsu biyu, ta raɗa mata a kunne cewa wannan yadin roba ne, ƙasa ba ta cin sa. Tun daga ranar ba ta bar maganar ta huta ba.

Abin da ya canza wa Stamatia addu'a kuwa, lauyarta ce, Pelagiya, wata siririyar yarinya mai yawan shan gahawa, wadda ta karɓi shari'ar don ubanta ma a wurin jiragen ya bar yatsu biyu.

"Inna, ki saurare ni da kyau," in ji ta. "Shaidarmu ɗaya ce a duniya, tana kwance a ramin nan. In likitan kotu ne ya buɗe kabarin da hannunsa ya ga ƙoƙon kan, zai bambance bugun ƙarfe da faɗuwa. Amma in masu shebur suka riga shi, kuka wanke, kuka goge, kuka zuba a akwati, lauyoyin kamfani dariya za su yi mana. Za su ce shebur ne ya fasa. Za su ce ma wa ya san ko kan wani ne."

"To ki sa alƙali ya turo likitan mana, 'yata."

"Na nema. Tun bara na nema."

Nan fa Stamatia ta shiga zirga-zirga. Takalmin baƙin da ta saya don makoki a hanyar kotu ya ƙare, ba a hanyar coci ba. Yau a ce fayil yana sama. Gobe a ce alƙalin an yi masa canjin wurin aiki, sabon bai karanta ba tukuna. Ta koma, ma'aikata suna yajin aiki. Ta sake komawa, an tafi hutun bazara, sai wata mata a bayan gilashi tana fifita da kwali.

"Baiwar Allah, za a tone mini ɗa kafin ku buɗe."

"Ki je ki gaya wa 'yan maƙabarta magana tana kotu, su dakata."

Ta hau bas ta dawo ofishin maƙabarta. Akawun wurin, Sotiris, ɗan Katina mai ɗinki ne, a gabanta ya yi rarrafe. Ta tarar da shi yana cin burodin riɗi, riɗin duk ya zube masa a ciki.

"Inna Stamatia! Zauna mana. A kawo miki ruwa?"

"Ruwa ya ishe ni, Sotiris. Kotu ta ce ku dakata."

"Madalla. Ina takardar?"

"Da baki suka faɗa."

"Ai Inna baki ba ya shiga fayil." Ya kaɗe rigarsa. "Da can ana ƙara wa mutum lokaci in ya nema. Yanzu ƙaramar hukuma ta soke, babu wuri. Kin san gawa nawa ke jira a mutuware? Mutane har gida suke bi na. Abu biyu ne kaɗai ke hana tono, ko umarnin alƙali, ko a buɗe a ga gawa ba ta narke ba."

"In na ƙi zuwa ranar fa?"

"Za a tone ba ke, a zuba shi a ramin kowa da kowa. Kar ki yi haka, don Allah."

"To in ɗauke shi in kai ƙauyenmu, can ƙasa har ta yi yawa."

"Ɗaukewa ai sai an tone."

"Ni na riƙe wa uwarka hannu ranar da take naƙudarka. Da na san abin da zai fito ke nan, da na tafi kasuwa abina."

Sotiris ya yi dariyar yaƙe, kunnuwansa suka yi ja. "Ba ni na kafa dokar ba, Inna."

"Na sani. Duk garin nan ba wanda ya kafa ta. Daga sama ta faɗo, kamar yadda ɗana ya faɗo."

Wannan shi ne dalilin fizge bokitin. Uwar da ta shekara biyu tana roƙon Allah ƙasa ta karɓi ɗanta, ta koma tana roƙon kada ta karɓa. Ko ita kanta in ta tsaya gaban gicciye sai ta rasa yadda za ta jera maganar. Ta yi wa Froso bayani a kicin, ta sake yi, tana yanka albasa kamar albasar ce ta yi mata laifi. Froso ta saurara, ta tsuke baki.

"Shari'a! Wa ya taɓa cin kamfani a shari'a a unguwar nan? Ki bar yaro ya fito da mutuncinsa, a wanke shi, a sa shi kusa da ubansa. An ce masa mashayi yana kwance, so kike a ƙara masa da la'ananne?"

"So nake a ce kashe shi aka yi, don kashe shi aka yi."

"Ke dai taurin kai. Ƙanena ya sha fama."

"Ya sha, Yaya. Da ni da ke."

Ranar tono ta zo, takardar kotu ba ta zo ba. Pelagiya ta buga waya da sassafe muryarta a dushe, ta ce tana tsaye a ƙofar ofishin alƙali, in ya sa hannu za ta taho a guje ko da babu takalmi. Stamatia ta ce to. Ta san irin wannan "in".

Froso ta iso da kayan aiki cikakku, kwalbar jan ruwan inabi, kwano, farin ƙyalle da ta yi wa ado da hannunta, da akwatin ƙarfe an rubuta sunan Manthos a jiki. Matan layi sun zo su ma, sanye da baƙi, wasu don zumunci, wasu don ido. Limamin cocin, Fada Harilaos, yana gefe yana hura garwashin turare. Sotiris ya tsaya can nesa inda iska ba ta biyowa, da hankici a hanci, don shi bai taɓa iya kallon cikin rami ba. A bayansa kuma akwai wani mutum mai jajayen idanu riƙe da hula, wanda Stamatia ba ta sani ba. Da ta tambaya aka ce Fanuris ne mai gyaran takalma, ubansa ke mutuware, shi aka yi wa alkawarin ramin da yamma. Ta kawar da kai. Da ma ba ta tambaya ba.

Baba Argiris mai tono ya ɗaga farin dutsen shi da abokin aikinsa, suka shiga haƙa. Yana haƙa yana mita, bayansa, gwiwarsa, ƙaramar hukumar da ta ƙi sayen sabon shebur.

"Kai, wa yake ba wannan ruwa haka? Ai sai a shuka shinkafa."

"Yi aikinka, tsoho," in ji Froso, amma ka ga ta ji daɗi.

Stamatia tana kallon ƙofar maƙabarta. Mai sayar da furanni ya shigo, wata mata da kare ta wuce, babu siririyar yarinya mai gudu. Sai shebur ya yi ƙara a kan katako.

Murfin ya ruɓe, da hannu Argiris ya ɗebe shi guntu-guntu. Ga kwat ɗin nan kwance, laka ta ɓata shi amma ko zare bai tsinke ba, maɓallansa a ɓalle, kafaɗunsa a tsaye, kamar mai shi zai tashi ya tafi coci a ɗaura masa aure. Ƙyallen da aka rufe fuska da shi yana nan, ya yi baƙi. Matan suka ja numfashi. Froso ta yi alamar gicciye ta ce, "Na faɗa."

Argiris ya sunkuya zai kama ƙafar wando ya gwada, kamar yadda yake yi.

"Kar ka taɓa," in ji Stamatia. "Uwa ke fara gani."

Wannan kuwa haƙƙinta ne, ba mai musu. Ya ja baya, ya miƙa mata hannu ta sauka. Ta durƙusa a laka wajen kan, ta juya wa mutane baya, ta ɗaga gefen ƙyallen da yatsa.

Ƙasa ta gama aikinta tsaf. Ƙashi ne tas, rawaya, mai sheƙi, irin wanda tsofaffi ke sumbata su ɗora a goshi. Ga haƙorinsa na gaba da ya ɓalle tun yana yaro wajen hawan keke. Kan ya ɗan karkata gefe, kuma a bayan kunne, daidai inda abokansa suka nuna mata a nasu kawunan, akwai wani lotsawa mai zurfi, zagayayye. Ta ga abin da take nema shekara da shekaru, da idonta, kuma idonta ba shaida ba ne a wurin kowa. Hannunta ya so ya shafa wurin. Ta danne shi a cinya.

Ba ta daɗe ba, ko da yake ita ta ji kamar ta kwana. In ta ce ya narke, yanzu za a fito da shi, kowa ya ga albarkarsa, Froso ta wanke shi, unguwa ta san ɗanta ba la'ananne ba ne, kamfani kuma ya ci bulus. Ta mayar da ƙyallen. Ta miƙe, ta dubi matan da ke leƙowa.

"Bai narke ba."

Wata ta rufe baki da gyale.

"Inna," in ji Argiris a hankali, yana kallon takalmin da ya kwanta gefe guda babu komai a ciki, "doka ce sai na taɓa na tabbatar."

"Matsa mini nan." Froso ce. Ta ajiye kwalba, ta tattare siket, ta sauka ramin da kanta ba ta jira hannun kowa ba, ita da ke kukan gwiwa in za ta hau bas. "Amaryarmu ba ta san komai ba, ko kifi ba ta iya dubawa a kasuwa. Ni na wanke uwata, na wanke ubana, na wanke mijina. Bari in gani."

Froso ta durƙusa, ta ɗaga ƙyallen. Daga inda take tsaye Stamatia tana ganin gefen fuskarta, ta ga yadda bakin tsohuwar ya buɗe don murna, abin da ta shekara uku tana ɗaukar ruwa dominsa ga shi a gabanta. Sai idonta ya sauka bayan kunnen. Murnar ta tsaya a inda take. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta rufe, ta gyara gefen ƙyallen da kyau kamar mai gyara wa jariri mayafi.

Ihun da ta yi sai da Sotiris ya saki hankicinsa.

"Wayyo ɗan ƙanena! Ƙasa ta ƙi shi! Yana nan da namansa, wayyo mun shiga uku!"

"Bari dai in..." in ji Argiris.

"Taɓa mana, in hannun aro gare ka! Wani a ƙauyenmu ya taɓa irin wannan, har ya mutu da cokali ake ba shi abinci. Taɓa, ga shi nan!"

Argiris ya dubi Froso, ya dubi Stamatia, ya sake duban takalmin. Ya tofar da yawu gefe, ya goge hannu a wando.

"Sotiris! Rubuta bai narke ba. Ni abin da uwa ta gani shi na gani."

"Ka tabbata?" in ji Sotiris daga nesa.

"Zo ka leƙa."

Bai zo ba. Ya juya yana yi wa Fanuris magana ƙasa-ƙasa, yana buɗe hannuwa. Mutumin ya sa hularsa, ya dubi Stamatia sau ɗaya ba da fushi ba, ya tafi neman wa ubansa wani ramin. Wannan kallon ya fi mata zagi ciwo.

Saura abin da ba ta shirya masa ba. In gawa ta ƙi narkewa, ba a rufewa sai Fada ya karanta addu'ar kwance ɗauri, kuma in uwa tana raye sai ta janye bakinta a gaban jama'a. Fada Harilaos ya matso da turarensa, ya karanta abin da zai karanta, sannan ya juyo gare ta da tattausar murya, wadda duk da haka ta kai har layin baya.

"'Yata, in akwai wata kalma da ta taɓa fita daga bakinki a kan yaron nan cikin fushi, ki sake shi yanzu."

Ita da ko "tafi can" ba ta taɓa ce masa ba sai ta bi shi da abinci. Ta ji raɗa ta fara a bayanta, ta gane muryoyin ɗaya bayan ɗaya, matan da ta yi wa girkin biki da na makoki. Ashe shi ya sa. Dama an ce yana sha. Uwa ba ta yin baki a banza. Ta dubi kwat ɗin da ke kwance cikin laka.

"Na yafe maka, ɗana," ta ce, kowace kalma kamar ana zare mata haƙori. "Na janye."

Aka mayar da ƙasa.

A tashar bas su biyu kaɗai suka zauna, sauran matan sun ce za su taka da ƙafa. Froso ta rungume akwatin ƙarfe a cinya, kwalbar tana leƙowa daga jaka ba a buɗe ba. Laka ta bushe musu a gwiwa. Wayar Stamatia ta yi ƙara, Pelagiya ce, tana haki. Alƙali bai shigo ba yau, an ce yana wani taro, amma magatakarda ya ce a dawo bayan sati biyu.

"Mun samu shekara guda," in ji Stamatia. "Kar ki tambaye ni yadda aka yi. Ki gaya wa magatakardan nan da tsada na saye ta, ba ni da wata."

Ta kashe wayar. Bas bai zo ba. Can Froso ta yi gyaran murya.

"Kin ga launinsu kuwa?"

"Na gani, Yaya."

"Kamar kakin zuma. Ko na uwata ba su kai haka ba." Ta share ido da bakin gyale, ta ja hanci da ƙarfi. "Ruwana ne, ki sani. Ba don ni ba, da kwat ɗin ledar nan naki..."

"Naki ne."

"Kuma ba wanda zan iya gaya wa. Ni Froso, da bakina, na tsaya a gaban Katina da 'yan uwanta na ce ƙasa ta ƙi jininmu." Ta buga akwatin da tafin hannu ya yi ƙara. "Wace rana kike komawa kotun nan?"

"Litinin."

"Ki biyo ta gidana. Ke ba ki iya ihu ba."